Ƴar Illa da dawakin teku

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha ruwa da daɗi ba. In na je rijiya tambaya, in na je gidan suna tambaya, har matan da nake koya wa karatun manya sun daina kallon allo, ni suke kallo. Tambayoyin kuwa biyu ne kullum: wai da gaske na ga namiji ya haihu, kuma me ya sa aka aike ni ɗauko yarinya na dawo hannu rabbana. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta, wadda ba ta iya ba tukuna ta sa a karanta mata.

Ƙanena Illa ya tafi biɗa, wato ci-rani, tun yana saurayi, kamar yawancin samarin Dewule. Ya samu aikin gadi a wani gida a Kwatano, ya zo ya yi aure, ya tafi da matarsa Zali. Allah ya ba su ɗiya mace, Mariyama, amma kafin a yaye ta Zali ta kwanta ciwo ta rasu a can. A wurinmu ba a zama shawara kan irin wannan. Yaron da ya rasa uwa na kaka ne ko na gwaggo, kowa ya sani. Sai dai duk lokacin da aka kira Illa a waya sai ya ce bayan salla, in salla ta wuce ya ce bayan damina. Ran nan Inna, mahaifiyarmu, wadda idanunta suka yi rauni, ta sa aka kira ni ɗakinta.

"Habsu, ke za ki tahi," ta ce. "Namiji ba shi renon ɗiya. Ki ɗauko min ita tun ina iya jin nauyinta bisa ƙahwata."

Ban yi musu ba, don ni ma haka na gani. Na ɗaure gero rabin buhu, da kuka, da daddawa, da ƴar kanwa, na hau motar kasuwa zuwa Buza, ni da awaki huɗu da wani tsoho mai tari. Daga Buza zuwa Madawa ƙashina ya gaya mini shekaruna. A Madawa na shiga babbar kar, wato bas, Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata mai fataucin albasa daga Tamaske, Hajiya A'i. Ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ita ta koya mini in riƙe katin shaidata a hannu don kowane shinge sai an sauka an nuna, kuma ita ta hana ni shan ruwa da yawa, ta ce direba ba ya tsayawa don marar kowa.

Muka wuce Ƙonni, muka wuce Dogon Dutsi, muka yi salla a Doso. Daga nan itatuwa suka fara tsawo. Mutanen cikin mota suna ta yaba kore, ni kuwa idona na kan busassun rassan da ke zube a bakin hanya babu mai ɗauka. Ni da na yi ƙuruciyata ina hawan fako neman itacen da bai kai hannu kauri ba, na ga abin da zai dafa tuwon unguwarmu har kaka yana ruɓewa a ƙasa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A Gaya muka tarar gada a rufe, sai ta kogi. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba, ruwan da na sani shi ne na ƙorama in an yi ruwan sama, wanda ake jira ya wuce a tsallaka da ƙafa. Aka cusa mu cikin wani dogon kwalekwale mai inji, mu da buhuna da moto biyu, wato babura. Da ya fara lilo na damƙe abin da ke kusa da ni, sai da muka kai tsakiya na gane ƙafar wani malami ce. Bawan Allah ya ci gaba da jan carbinsa da ƙarfi. Wajen sauka takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, kogi ya tafi da shi. Haka na shiga ƙasar Benin, ƙafa ɗaya da takalmi, Hajiya A'i na dariya har da riƙe ciki. Ɗan duwan ɗin Malanbil, wato ɗan kwastan, ya ce in buɗe kaya. Ya taɓa gero, ya lasa kanwa, da ya kwance ƙullin daddawa kuwa da kansa ya mayar ya ɗaure, ya yi mini hannu in wuce.

A Paraku muka kwana a rumfar tasha, mata gefe guda, kowa kansa bisa kayansa. Da safe Hajiya A'i ta kai ni wurin wata mai sakwara, aka zuba mini da miyar gyaɗa da soyayyen cuku mai laushi irin na Fulanin can. Wannan kam ban da abin cewa, na ci har na nemi ƙari. Abin da ban saba ba shi ne yadda suke magana. In mutum biyu na gaisawa sai ka rantse faɗa za a yi, sai ka ga an rabu ana dariya.

Kwatano gari ne na moto. Masu kabu-kabu sanye da riguna rawaya sun cika titi, ga mata kowace da tata moton, wata da goyo a baya da kwando a gaba. Ina tsaye a tasha ina raba ido sai na ji an ce, "Yaya." Na juya, ga Illa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kuma ya goyo yarinyar a baya da zani, ɗaurin ƙirji sosai irin namu na mata. Kunya ta kama ni har na duba ko akwai ɗan garinmu kusa. Mariyama ta leƙo ta gefen kafaɗarsa, ta kalle ni da idanun Zali, ta mayar da kai ta ɓoye.

Mai gidan da Illa ke yi wa aiki tsoho ne ɗan ƙasar, ya yi rayuwarsa a manyan jiragen ruwa, kowa Kapiten yake ce masa. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa suna waje. Ya karɓe ni da mutunci, da ɗan faransancin da na tsira da shi daga lakwal, makarantar boko, muka gaisa. Ɗakin Illa na bakin ƙofa, nan aka shimfiɗa mini katifa, shi ya koma baranda. Da yamma na isar da saƙon Inna ba tare da kwana-kwana ba. Sai Illa ya ce:

"Ban ƙi ba, Yaya. Maganar Inna ta. Amma ɗiyag ga ba ta ci hannun kowa. In kin tahi da ita haka, yunwa za ta kashe ta bisa hanya."

"Wane yaro na yunwa ba ta lanƙwasawa?"

"Wagga dai. Ki zamna ta saba da ke. Ran da tac ci daga hannunki, ki tahi da ita, ba ni cewa komi."

Na amince, ina ganin abin kwana biyu ne. Ni da na yaye nawa biyar, na yaye na maƙwabta.

Da aka kawo abinci na ga abin da yake nufi. Kwano ɗaya suke ci. Yarinyar za ta ɗebi loma da ɗan hannunta ta kai bakinsa, ta tsaya tana kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye, sannan ta buɗe nata bakin ya ba ta. In ya yi wayo ya riƙe a kunci, ta sani, sai ta rufe baki gam. Na miƙa mata loma ta kawar da kai kamar ba da ita nake ba. A raina na ce sangarta ce kawai, abin da ke faruwa ke nan in aka bar namiji da reno.

Washegari ya shigar da ni ɗakin da ya zama ainihin aikinsa, don gadin yanzu suna ne kawai. Hannun Kapiten ya fara rawa, idonsa ma ba ya ganin ƙananan abubuwa, sai Illa ya gaji kiwon kifinsa. Akwatunan gilashi ne cike da ruwan gishiri, kowanne da siririn tiyo yana fitar da kumfa. A cikin babban na ga wasu halittu da tsawonsu bai wuce yatsa ba, kai irin na doki, jiki a tsaye, wutsiya a naɗe jikin ciyawa. Wai kifi ne, dokin teku. Masunta ke samun su a cikin taru, Kapiten ya karɓo masu rai. Ba sa gudu, ba sa faɗa, ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Illa ya nuna mini wani mai ƙaton ciki.

"Wanga ya kusa haihuwa."

"Ta kusa dai."

"Ya kusa, Yaya. Namiji na. Macen ka zuba mishi ƙwai cikin wata jikka ga cikinai, shi ka ɗauka har su hito."

Na ce masa zaman bakin teku ya fara taɓa masa kai. Ya yi murmushi kawai, ya ja ni wurin wani ƙaramin gilashi mai zagaye. Da farko ban ga komai ba. Sai da na kanga ido na ga ƴan mitsi-mitsi kamar gashin ido suna yawo, kowane da kansa na doki da wutsiyarsa, wasu sun sarƙe wutsiya da juna suna ja. Na haihuwar da ta wuce ne. Ya ce sun fito da yawa ƙwarai, waɗannan ne suka rage, kuma haka abin yake ko a hannun wa.

Ciyar da su shi ne wahalar. A jikin bango an rataye robobin ruwa an kife su baki ƙasa, an yanke gindinsu, kowace da ruwan gishiri da tiyon iska. Illa zai ɗebi wani gari ja-ja daga gwangwani ya zuba. Wai ƙwai ne na wasu ƙwarin ruwa. In ya kwana ya wuni sai su ƙyanƙyashe. Sai ya cire iskar, ya haska tocila a ƙasan robar, su taru wurin hasken, ya zuƙe su da tiyo, ya tace a ƙyalle, ya ɗauraye, ya ɗiga wa ƴan dawakin da sirinji. Ba a haɗa robobin rana ɗaya, don kullum a samu sabon ƙyanƙyasa. Ya ce cikinsu ba ya riƙe abinci, yana shiga yana fita, shi ya sa daga safe zuwa magariba ba ya nisa da ɗakin. Bayan kowane ci kuma sai ya bi ƙasan gilashin da tiyo ya kwashe datti, yana duba kada ya zuƙe ɗa. In kuran ya ɗauke, wato wutar lantarki, da gudu yake zuwa ya kunna ƙaramin injin batir. Duk wannan Mariyama na bayansa ko tana riƙe da ƙafar wandonsa.

Ni fa a Dewule an san ni da kiwon kaji. Ban taɓa ganin ɗan da ya ƙi tsaki ba. Wata safiya Illa ya tafi da yarinyar karɓo ruwan teku, ya ce ba zai daɗe ba, sai ya daɗe. Na leƙa na ga ƴan abubuwan nan suna ta kai da kawowa, tausayi ya kama ni. Na ɗebi geron gida na daka shi lukui, na barbaɗa musu ɗan kaɗan da bisimilla. Ko kallonsa ba su yi ba. Na ce ko bai isa ba ne, na ƙara. Kafin Illa ya dawo ruwan ya yi fari kamar an wanke ƙwaryar fura.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya sauke yarinyar, ya ɗauko wani gilashi, ya dinga kwashe su ɗaya-ɗaya da ƙaramin kofi, don ba a fitar da su cikin iska. Wasu sun riga sun kwanta a ƙasa. Na tsaya ina riƙe masa tocila.

"Ba su cin abin da ba shi motsi," ya ce. "Ko yunwa za ta kashe su."

"Ashe ɗiyan zabbi na," na ce. "Su ma sai da gara mai rai ni ka tada su."

Ya ɗago ya kalle ni, ya yi dariya, karo na farko tun zuwana. Da Kapiten ya ji labari sai ya ce shi da ya fara, gwaiduwar ƙwai ya ba su, kuma babu ko ɗaya da ya tsira. Daga ranar aka ba ni aikin tace ƙwarin, amma sirinji ba a sake bari na taɓa ba.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Na saba da akasa, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Ƙaguwa dai na ce a kai kasuwa, ba zan ci abin da ke tafiya a karkace ba. Aka kai ni na ga teku, na tsaya nesa na gaishe shi. Mariyama ta fara yarda in yi mata kitso, ta fara ce mini Gwaggo, har takan yi barci a cinyata. Abinci ne dai babu.

Ranar da mai cikin ya haihu, bayan sallar asuba ne, gari ya fara haske. Illa ya kira ni a hankali. Na tarar dokin ya kama ciyawa da wutsiya, yana lanƙwashewa yana miƙewa, numfashinsa na fita da sauri. Na zauna da mata masu naƙuda ba sau ɗaya ba, kuma wallahi na gane abin da nake gani. Sai ga su suna fitowa daga cikinsa, tsit, tsit, tari-tari, har ruwan ya cika da su. Na ji bakina na yi masa sannu. Da ya gama ya koma gefe ya lafe, bai ko waiwayi ɗaya ba. Macen ma tana can tana harkarta. Wanda ya ɗauki wahalar daga nan Illa ne, don sai an raba su da manya nan take, a sa su a nasu ruwan, a rage iska, a shirya musu ci.

Hantsi ya yi bai fito ba. Mariyama ta gaji da jan wandonsa ta dawo baranda ta zauna tana ƙananan kuka. Na dama furar geron gida da nonon da na samo a zangon Hausawa, na zauna kusa da ita ina sha, ban ce mata komai ba. Ta matso. Ta leƙa ƙwaryar. Na ɗebo a ludayi na riƙe kawai, sai ta kama hannuna da nata biyu ta kai baki. Ta sha, ta sake sha, har ta yi gyatsa. Daɗi ya kama ni sosai, na ce yau aikina ya ƙare. Da na ɗaga kai sai na ga Illa a ƙofar ɗakin kifin, hannunsa na ɗigar ruwa. Ya ce, "Madalla," ya koma ciki.

Da la'asar na ga ya wanke kayanta duka ya shanya. Washegari ya sayo mata takalmi na tafiya. Ita kuwa tun da ta gane hannuna sai ta manne mini, safe da rana da dare tare muke ci. Na ce bari in ƙara ƴan kwanaki ta ƙara sabawa. A cikin kwanakin nan ne na lura kwanon Illa na komawa yadda aka kawo shi. In na yi magana ya ce ya ci a waje, ko ya ce ƴan dawaki na jira. Ga shi yana ciyar da abin da ba a gani sai an kanga ido, bai taɓa makara ba, shi kuwa sai shayi.

Akwai wata mai koko a bakin layin, Azumi, mutuniyar arewacin ƙasar ce, tana jin Hausa. Ita ta riƙa taimaka wa Zali lokacin ciwonta. Na je sayen koko na yi mata zancen. Ta ajiye ludayinta.

"Ai da ma haka ya yi bayan rasuwar. Ya daina ci sam, har Kapiten ya kai shi likita. Ita yarinyar kuma ta ƙi karɓa a hannuna, ta ƙi na kowa. Ran nan don ya lallashe ta ya sa loma a bakinsa ya nuna mata, sai ta ci. Daga nan in bai haɗiye ba ba ta buɗe baki. Ba don ita ba da tuni an binne shi kusa da matarsa."

Na koma gida da kokon, ban sha ba. Na tarar ya ninke kayan yarinyar cikin wata ƴar jaka, ya ɗora takalmin a sama. Yana ɗakin kifi yana ɗiga abinci. Na tsaya a bayansa.

"Illa, jibi ni ka komawa. Ni ɗaya."

Bai juyo ba. "Mun yi magana, Yaya. Ta ci."

"Ba ta ci ba."

"Na gani da idona."

"Idonka na ga kihi. Ni da ɗiya ta ƙi hannuna mi za ni kai ma Inna? In damina ta kama ka kawo ta da kanka, ku yi noma tare da mu, ta san kakarta. Yanzu wanke hannu, tuwo na hucewa."

Ya ajiye sirinjin. A ranar na ce kaina na ciwo, na kwanta na ba su baya. Ina jin ƙarar kwano, ina jin ta tana ce masa ya buɗe baki.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a kogi na cire takalmana na riƙe a hannu. Tun daga Madawa nake shirya abin da zan faɗa wa Inna, ina tsoro, don ban taɓa dawo mata da aike ba a cika ba. Na isa ana kiran la'asar. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, da ta ji sallamata sai ta miƙo hannu biyu, ba wajen fuskata ba, ƙasa-ƙasa, daidai tsawon yaro. Na durƙusa na kama hannuwan.

"Ni ɗaya ta, Inna."

Ta damƙe hannuwana. Duk abin da na shirya ya gudu.

"Tana ci?"

"Tana ci, Inna."

"Shi hwa?"

"In tac ci, shina ci."

Ta zare hannuwanta a hankali ta ɗora bisa gwiwa. Sannan ta juya fuskarta wajen rumbu.

"Gobe ki sa a hidda gero a sussuke, a ba masu tahiya," ta ce. "Na mutum biyu."